Likitan da ya ɗora ƙafar wanda ya kashe shugaban ƙasa

Da misalin ƙarfe huɗu na asubahin ranar Asabar, 15 ga Afrilun 1865, wasu mutum biyu a kan dawaki suka ƙwanƙwasa ƙofar wani gidan gona da ke kusa da ƙauyen Bryantown a jihar Maryland ta Amurka. Mai gidan, Dakta Samuel Mudd, likita ne ɗan shekara 31 wanda ya haɗa aikin asibiti da noman taba, kuma tashin dare saboda maras lafiya ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Ƙaramin cikin baƙin ya ce masa doki ne ya faɗi da abokin tafiyarsa, ƙafarsa ta hagu ta yi rauni. Likita ya shigar da su, ya tsaga dogon takalmin da ke ƙafar domin ta riga ta kumbura, ya tarar siririn ƙashin ƙwauri ya karye kaɗan sama da idon sawu. Ya ɗora karayar da 'yan katakai, ya ba majinyacin gado a saman bene, ya sa wani kafinta da ke yi masa aiki ya sassaƙa masa sandunan dogarawa, aka biya shi dala 25. Mai karayar shi ne John Wilkes Booth, shahararren ɗan wasan kwaikwayo, wanda awa shida kacal kafin nan ya harbi Shugaba Abraham Lincoln a ka a gidan wasan kwaikwayo na Ford da ke birnin Washington. A lokacin da ake wannan ɗori Lincoln bai cika ba tukuna, sai da gari ya waye, da ƙarfe 7:22, rai ya yi halinsa.

Shekara fiye da 150 ke nan Amurkawa suna gardama a kan wannan likita, wasu suna ganinsa bawan Allah da ya yi aikinsa aka zalunce shi, wasu kuma suna ganinsa ɗan maƙarƙashiya da ya tsallake igiya da ƙyar. Ni abin da ya ja hankalina ga labarin shi ne yadda ya yi daidai da wata gardama da muke yi a nan Kaduna, duk lokacin da aka ji an kama wani malamin asibiti ko mai kemis bisa zargin yi wa 'yan bindiga magani. Ra'ayina shi ne akwai abu biyu da ake cakuɗawa a irin wannan shari'a, wato maganin da likita ya yi da kuma abin da ya faɗa ko ya ɓoye bayan ya gama, kuma muddin ba a raba su ba, majinyacin da bai ji ba bai gani ba shi zai ɗauki asarar.

Sai an san ƙasar da abin ya faru kafin a fahimci mutumin. An shekara huɗu ana yaƙin basasa tsakanin Arewa da Kudancin Amurka, kuma kwana biyar kafin harbin, a ranar 9 ga Afrilu, babban kwamandan Kudu, Janar Robert Lee, ya miƙa wuya. Jihar Maryland ba ta ɓalle ba, amma kudancinta, inda Mudd yake, ƙasar manoman taba ce masu bayi, zukatansu kuma suna tare da 'yan tawayen Kudu da suka ɓalle. Ta nan ake fasa-ƙwaurin wasiƙu da magunguna da mutane, a haye kogin Potomac da dare zuwa Virginia, kowa ya san mai yi, kowa kuma ya kame bakinsa. Mudd kansa yana da bayi har zuwa Nuwamban 1864, lokacin da sabon tsarin mulkin jihar ya haramta bauta, abin da ya durƙusar da gonaki irin tasa. Wasu daga cikin tsoffin bayinsa sun ba da shaida a kotu daga baya, har aka ji cewa ya taɓa harbin ɗayansu a ƙafa saboda ya ƙi bin umarni. Ina kawo wannan ne domin masu son mayar da shi waliyyi sukan tsallake wurin.

Da a ce ɗorin ne kaɗai, da labarin bai yi nisa ba. Abin da ya ɗaure shi ya faro ne da rana tsaka a ranar Asabar ɗin, lokacin da ya hau doki ya nufi Bryantown, tafiyar kilomita takwas ko makamancin haka. Sojojin doki sun riga sun iso garin suna neman wanda ya harbi shugaban ƙasa, labari kuma ya bazu. Mudd ya koma gida bai ce wa kowa uffan ba, alhali mai karaya yana kwance a ɗakinsa, kuma da yamma baƙin suka hau dawakinsu suka nausa cikin fadamar da ke bayan gonar. Sai washegari Lahadi, a coci, ya gaya wa wani ɗan'uwansa, Dakta George Mudd, wanda aka sani da goyon bayan gwamnati, cewa wasu baƙi biyu da bai yarda da su ba sun sauka a gidansa, ya roƙe shi ya sanar da hukuma. Kafin jami'an bincike su zo gidan, ranar Talata 18 ga wata, Booth ya samu tazarar kwana uku, kuma yana ɓoye a wani kurmi wasu mutanen yankin suna kai masa abinci.

Da Laftanar Alexander Lovett, jagoran jami'an binciken, ya yi masa tambayoyi, Mudd ya ce bai san baƙin ba, bai taɓa ganinsu ba, mai karayar ma ya rufe fuskarsa da mayafi, ga gemu. Ranar Juma'a 21 ga wata jami'an suka dawo da niyyar binciken gida, sai aka fito musu da takalmin nan da aka tsaga, suka duba cikinsa suka ga an rubuta “J. Wilkes”. Daga nan zance ya fara warwarewa. Ashe a watan Nuwamban 1864 an gabatar da Booth ga Mudd a cocin St. Mary da ke kusa da Bryantown, ya zo da sunan mai neman sayen gona da doki, ya kwana a gidan likitan, Mudd ya raka shi wurin maƙwabcinsa ya sayi wani doki mai ido ɗaya. Wannan kam ya amsa shi. Abin da ya ɓoye shi ne haɗuwa ta biyu, ranar 23 ga Disamba a Washington, inda ya haɗa Booth da John Surratt, mai kai wa 'yan tawaye saƙonni, suka zauna a ɗakin otal suna magana. Wani mai suna Louis Weichmann da ke wurin shi ya tona wannan a gaban kotu, Mudd kuma bai amsa ba sai bayan an yanke masa hukunci.

Mutumin da ya kwana a gidanka, kuka ci abinci tare, ka raka shi cinikin doki, kuka sake zama a ɗaki ɗaya bayan wata guda, ga shi kuma fuskarsa sananniya ce a ƙasar, da wuya a ce ya yini a gidanka kana taɓa ƙafarsa ba ka gane shi ba saboda gemun aro. Ni dai ban gaskata wannan ba. Amma kuma ban ga hujjar cewa ya san da shirin kisan ba. Abin da Booth ya shafe watanni yana ƙullawa shi ne sace Lincoln a tsallaka da shi Kudu, a yi garkuwa da shi don a sako fursunonin yaƙi, kuma hanyar da za a bi da shi ta ratsa yankin su Mudd. Shawarar kisa ta zo ne a kwanakin ƙarshe, bayan Kudu ta faɗi, zuwan Booth gidan likita kuma karaya ce ta jawo shi, wadda babu wanda ya tsara ta. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne Mudd ya san da zancen satar, ko ma ya yi alkawarin taimako, ya buɗe ƙofa da asuba bai san an yi kisa ba, da ya ji labari a Bryantown kuma sai tsoro ya kama shi, domin ya san tona Booth tona kansa ne. Wani daga cikin abokan maƙarƙashiyar Booth da aka rataye daga baya, George Atzerodt, ya faɗa a wani jawabi da aka gano a 1977 cewa Booth ya aika da guzuri gidan Mudd makonni biyu kafin kisan, abin da ya ƙara nauyi a wannan ɓangare.

Booth bai kai ga kotu ba, domin sojoji sun ritsa shi a wani rumbun taba a Virginia ranar 26 ga Afrilu, aka harbe shi, abokin tafiyarsa David Herold kuma ya miƙa kansa. Mutum takwas aka gurfanar a gaban kotun soja mai hafsoshi tara, bisa hujjar cewa an kashe babban kwamandan askarawa a lokacin yaƙi, duk da cewa kotunan farar hula suna zama a Washington. A dokar lokacin wanda ake tuhuma ba ya ba da shaida a kan kansa, saboda haka Mudd ya zauna yana ji ana magana a kansa, lauyansa Janar Thomas Ewing yana ta ƙoƙari. A ƙarshen watan Yuni aka same su duka da laifi. An rataye huɗu ranar 7 ga Yuli, ciki har da Mary Surratt, mace ta farko da gwamnatin tarayyar Amurka ta zartar wa hukuncin kisa. Hukuncin kisa yana bukatar ƙuri'a shida cikin tara, abin da aka ruwaito kuma shi ne biyar ne suka nemi a rataye Mudd, sai ya tsira da ɗaurin rai da rai.

Akwai wani likita na biyu a cikin wannan labari da ba a cika ambatonsa ba, kuma a ganina ya fi kowa dacewa da halin da muke ciki. Bayan Booth da Herold sun haye kogi, sun isa gidan Dakta Richard Stuart a Virginia da daren 23 ga Afrilu, suna neman a duba ƙafar a kuma ba su makwanci. Stuart ya riga ya ji labarin kisan, ya yi zargin ko su wane ne, sai ya ce shi ba likitan ƙashi ba ne, gidansa kuma ya cika da baƙi. Ya bari aka ba su abinci, ya sallame su. An kama shi daga baya, aka tsare shi na ɗan lokaci, aka sake shi ba tare da tuhuma ba. Shi ma bai ruga ya kai rahoto ba, amma da yake bai taɓa ƙafar ba, ya koma gidansa. Duk wani likita da ya kalli ƙarshen mutanen nan biyu, darasin da zai ɗauka a fili yake, wato wanda ya ƙi taɓa majinyaci shi ya kwana lafiya.

Wannan darasin ne ma'aikatan lafiyarmu suka haddace ba tare da sun taɓa jin sunan Stuart ba. Shekara da shekaru a ƙasar nan, wanda aka harba, ko 'yan fashi suka harbe shi a hanyar Abuja ko harsashi ya same shi a ƙofar gidansa, idan aka kai shi asibiti tambayar farko ita ce ina takardar 'yan sanda, jini yana zuba ana neman wanda zai je ofis ya karɓo. Ba rashin tausayi ne kawai ya haifar da wannan ba. Likitoci sun ga abokan aikinsu sun kwana a bayan kanta saboda sun cire harsashi daga jikin wanda aka ce ɗan fashi ne, sai kowa ya zaɓi hanyar da ba za ta kai shi caji ofis ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar majinyacin gaggawa bisa kowane dalili. A ƙarshen 2017 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ko da takardar 'yan sanda ko babu, ko an ajiye kuɗi ko ba a ajiye ba, sannan ya sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara maganin. Dokar ta kuma hana a wahalar da wanda ya taimaka ya kawo majinyacin.

Abin da ya burge ni a wannan doka shi ne ta raba abubuwan nan biyu da kotun soja ta 1865 ta haɗe. Magani wajibi ne, ba a tambayar likita dalilin da ya sa ya yi shi, rahoto shi ma wajibi ne, wanda ya ƙi kaiwa kuma da wannan za a kama shi. Idan aka auna Mudd da irin wannan ma'auni, ɗorin da ya yi da asuba babu laifi a ciki ko da ya san wanda yake ɗorawa, laifinsa ya fara ne daga lokacin da ya ga sojoji a Bryantown ya juya kan dokinsa ya yi shiru, ya ƙaru kuma da ya dubi jami'i ya ce bai san mutumin ba.

Sai dai na kai wannan magana wurin wani kawuna da ya yi ritaya daga aikin asibiti bayan ya zaga ƙauyuka da dama a jihar nan, kuma bai bar ni na tafi da ita a sauƙaƙe ba. Na ce masa, “Kawu, ai doka ta warware muku matsala, ku yi magani ku kai rahoto.” Ya ce, “Ɗana, wanda ya rubuta awa biyu yana zaune ne a inda ofishin 'yan sanda yake bayan layi.” Ya ce in ɗauki malamin asibiti guda ɗaya a ɗakin shan magani na wani ƙauye a yankin Birnin Gwari ko Giwa, wanda aka tasa da tsakar dare da bakin bindiga aka ce ya ɗinke rauni. Waɗanda suka kawo majinyacin sun san gidansa, sun san matarsa da 'ya'yansa, sun san gonarsa, ofishin 'yan sanda mafi kusa kuma sai an bi ta dajin da suka fito kafin a kai gare shi. Idan ya kai rahoto, babu tabbacin maganar ba za ta riga shi dawowa gida ba, idan kuma ya yi shiru aka gano, sunansa ya zama infoma. Ya tuna mini cewa a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin jiha ta sa an katse layukan waya a wasu yankuna, ta kuma hana hawa babura, to a irin wannan lokaci da me mutum zai kai rahoton?

Na yarda da shi a kan wahalar, amma ina ganin labarin Mudd ɗin ne ma ya nuna inda za a ja layi. Babu wanda ya ɗora wa Mudd bindiga, sojoji suna tafiyar ƙasa da awa guda daga gidansa, ya gan su da idonsa, kuma abin da ya rufe masa baki tsohuwar hulɗarsa ce da mai laifin. Tambayoyin da suka kamata mai bincike ya yi wa malamin asibitin ƙauye su ne irin waɗanda suka kama Mudd: shin akwai sanayya tun kafin daren, shin ana kai masa kuɗi ko kaya a kai a kai, shi yake ɗaukar allurai da ruwan ƙari ya bi su daji da ƙafarsa, kuma da aka tambaye shi ya faɗi gaskiya ko ya yi ƙarya? Wanda ya mayar da jinyar 'yan bindiga sana'a yana sayar musu da magani da labari, wannan abokin aikinsu ne, farar rigarsa ba za ta kare shi ba. Wanda kuwa aka tilasta, ya kuma faɗa wa dagaci ko hakimi ko shugabansa na ƙaramar hukuma da zarar ya samu hanya, bai kamata a jera shi gaban 'yan jarida tare da masu garkuwa ba. Kuma hukumar da ke son a kawo mata rahoto, ita ke da alhakin tabbatar da cewa sunan mai kawowa bai fita ba. Haka nan maɗoran gargajiya, waɗanda a ƙauyukanmu su ake fara kai wa karaya kafin a tuna da asibiti, suna cikin wannan tsaka mai wuya, ba su da ƙungiya mai ƙarfi ko lauya da zai tsaya musu.

An tura Mudd kurkukun Fort Jefferson, wata ganuwa ta bulo a kan tsibiri cikin teku, kimanin kilomita 110 yamma da Key West a jihar Florida. Bai yi wata uku ba ya yi yunƙurin tserewa a cikin wani jirgin ruwa a Satumban 1865, aka kama shi aka sa masa mari. A 1867 zazzaɓin shawara ya ɓarke a sansanin, a zamanin da ba a san sauro ke yaɗa shi ba, ya kama mutum 270 cikin kusan 400, ya kashe 38. Likitan sansanin, Joseph Smith, yana cikin waɗanda suka fara mutuwa, sai fursuna Mudd ya karɓi asibitin, yana jinyar sojojin da ke gadinsa, har shi ma cutar ta kwantar da shi ya tashi. Michael O'Laughlen, wanda aka yanke musu hukunci tare, a hannunsa ya cika. Sojojin da suka tsira sun rubuta takardar roƙo zuwa ga shugaban ƙasa, suna shaida cewa da yawansu ba don shi ba da sun mutu.

Ranar 8 ga Fabrairun 1869, saura 'yan makonni ya sauka daga mulki, Shugaba Andrew Johnson ya yi masa afuwa. Takardar afuwar ta ambaci aikinsa a lokacin annobar, ta kuma bayyana cewa laifin da shugaban ya gamsu an same shi da shi shi ne saukar da Booth da Herold da ɓoye su bayan kisan, ba wani hannu da ya wuce wannan ba. Mudd ya koma gonarsa da majinyatansa, ya rasu ranar 10 ga Janairun 1883 sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 49. Afuwa dai ba ta goge hukunci, saboda haka jikansa, Dakta Richard Mudd, ya kwashe mafi yawan rayuwarsa yana neman a soke shi gaba ɗaya. Shugabanni biyu, Jimmy Carter da Ronald Reagan, sun rubuta masa cewa suna ganin kakansa ba shi da laifi, amma ba su da ikon soke hukuncin. A 1992 hukumar gyara bayanan soja ta ba da shawarar a soke, bisa hujjar cewa kotun soja ba ta da hurumin yi wa farar hula shari'a, rundunar sojan ta ƙi amincewa. Richard Mudd ya rasu a 2002 yana da shekara 101, kuma a cikin wannan shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Washington ta kori ƙarar iyalin, tana mai cewa dokar da suka dogara da ita an yi ta ne domin gyara bayanan sojoji, Samuel Mudd kuwa bai taɓa zama soja ba.